Ki San Kwanakinki: Jagorar Bin Diddigin Al'ada Daga Ƙwaƙwalwa Zuwa Mahaifa

Wata ƙanwata, 'yar ƙanen babanmu, ta zo mini ran wata Asabar da waya a hannu, fuska ba walwala. Shekara biyu da aure, shiru. Ta nuna mini wata manhaja da ta sauke, wadda ke zana mata fure a kan rana ta 14 duk wata, wai ranar ce ƙwanta ke fita. Maigidanta ɗan kasuwa ne mai yawan tafiya kudu, har ya saba daidaita dawowarsa da wannan furen. Na ce da ita, "To, kwana nawa ne tsakanin al'adarki da mai bi mata?" Ta ce, "Yaya, ai wata-wata nake yi." Muka zauna muka tono ranakun da za ta iya tunawa, da taimakon ranar sunan wata maƙwabciya da kwanakin azumin da ta sha, sai ga shi tazararta kwana 34 zuwa 35 ce. Manhajar kuwa tun da aka sauke ta ba a taɓa ba ta kwanan wata na gaskiya ba, tana nan a kan 28 ɗin da aka ƙera ta da shi. Ƙwan yarinyar nan yana fita wajen rana ta 20 ko 21, lokacin da bawan Allah ya riga ya kama hanya. Ƙari a kan haka, a daidai waɗannan kwanakin take ganin wani ruwa mai yauƙi, sai ta aika kemis a haɗo mata maganin sanyi.

Abin da muka yi da ita a ranar, da watannin da suka biyo baya, shi zan shimfiɗa a nan. Kayan aikin littafi ne ɗan ƙarami da biro, sai haƙurin wata uku zuwa shida.

Mataki na farko: ki san inda komai yake

Ƙofofi uku ne a ƙasan jikin mace. Daga gaba akwai ta fitsari, 'yar mitsitsiya; a tsakiya farji; a baya dubura. Na faɗi wannan ne don na sha haɗuwa da matan aure, har masu 'ya'ya, da ke zaton fitsari da jinin al'ada hanya ɗaya suke bi. Ba laifinsu ba ne, kunya ce ta hana a koya musu.

Farji hanya ce mai tsawon kimanin santimita 7 zuwa 10, tana miƙewa sama ta ɗan karkata baya. A ƙarshenta akwai bakin mahaifa, wanda in an taɓa shi ake jin ƙarfinsa kamar kan hanci, da ɗan rami a tsakiya. Ki riƙe sunan bakin mahaifa da kyau, domin shi ke samar da ruwan da za mu yi ta magana a kansa. Mahaifar kanta buhu ne na tsoka mai kauri, ba ta kai dunƙulen hannunki ba in babu ciki, tsawonta wajen santimita 7 ko 8, tana zaune a mara tsakanin mafitsara da hanji. Cikinta akwai wata shimfiɗa mai laushi, cike da ƙananan jijiyoyin jini. Wannan shimfiɗa ce ke kauri duk wata, ita ce kuma ke zubowa a matsayin al'ada.

Daga kafaɗun mahaifa biyu, dama da hagu, bututu biyu suka fita, kowanne santimita 10 zuwa 12, bakinsu a buɗe kamar yatsun hannu. Kusa da yatsun nan akwai ma'ajiyar ƙwai guda biyu, kowacce kamar girman dabino. Ba a manne suke da bututun ba. Idan ƙwai ya fito, yatsun ne ke shafo shi su shigar da shi. A cikin bututun maniyyi ke haɗuwa da ƙwai, daga nan a yi tafiyar kwanaki kafin a iso mahaifa. Shi ya sa toshewar bututu ke hana haihuwa ko da mace na al'ada lafiya lau.

Ana haifar 'ya mace da ƙwayayenta gaba ɗaya, miliyan ɗaya zuwa biyu. Kafin ta balaga sun ragu zuwa wajen dubu 300 ko 400, kuma a duk rayuwarta waɗanda za su nuna su fito ba su wuce 400 zuwa 500 ba. Sauran a hankali suke shanyewa.

Mataki na biyu: ki gane masu ba da umarni

A nan zan ɗan daɗe, domin in kin kama wannan, sauran duk sauƙi ne.

Al'ada a mara ake ganinta, amma daga kai ake tafiyar da ita. A ƙasan ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan sashe da ake kira haifotalamas. Yana sakin wani sinadari mai suna GnRH, kuma ba ya kwararo shi kamar famfo, ɗigo-ɗigo yake saki, kamar kowace awa ɗaya zuwa awa biyu a farkon zagaye, wato kwanakin da ke tsakanin farkon al'ada da farkon mai bi mata. Masana biyu da suka yi aikin gano irin waɗannan sinadarai na ƙwaƙwalwa, Andrew Schally da Roger Guillemin, sun samu kyautar Nobel a 1977. Ɗigon nan yana sauka a kan wata ƙaramar halitta mai girman ƙwayar wake da ke rataye a ƙasansa, fituwitari. Ita kuma sai ta zuba 'yan aike biyu a cikin jini: FSH da LH. Su ne ke gangarawa har ma'ajiyar ƙwai.

Ranar farko ta zagaye ita ce ranar da jini ya fara zuba sosai. A ranar duk sinadaran ma'ajiyar ƙwai sun yi ƙasa. Ƙwaƙwalwa ta ji shiru, sai ta ƙara FSH. FSH ya tashi wasu 'yan jakunkuna a ma'ajiyar, kowacce da ƙwai ɗaya a ciki, su fara girma tare kamar shukar da aka yi wa ban-ruwa. Suna girma suna fitar da wani sinadari mai suna estirojin. Estirojin yana da ayyuka uku da suka shafe mu: yana sake gina shimfiɗar mahaifar da ta zube, yana sa bakin mahaifa ya fara sakin ruwa, yana kuma komawa sama ya ce wa ƙwaƙwalwa a rage FSH haka nan. Da FSH ya ragu, jakunkunan da ba su yi ƙwari ba sai su bushe, a bar guda ɗaya da ta fi saura. Wannan ne dalilin da ya sa galibi ɗa ɗaya ake haifa. Idan biyu suka tsira tare, kowanne ya samu maniyyinsa, ga Hassan da Husaini marasa kama.

Jakar da ta tsira tana ta girma har ta kai kusan santimita 2, estirojin yana ta hauhawa. Sai abin mamaki ya faru. Estirojin ɗin da yake kaɗan yana danne ƙwaƙwalwa, da ya yi yawa ya kuma daɗe a sama wajen kwana biyu, sai ya koma zuga ta. Fituwitari ta saki LH da yawa lokaci guda, kamar an ɓalle dam. Bayan awa 24 zuwa 36 jakar ta fashe, ƙwai ya fito.

Ƙwan nan ba ya wuce awa 12 zuwa 24 a raye. Maniyyi kuwa, in ya samu ruwan bakin mahaifa mai kyau, yana iya zaman jira har kwana biyar. Ki haɗa biyun: kwanakin da ciki ke iya shiga a kowane zagaye kusan shida ne, biyar kafin fitar ƙwai da ranar fitarsa.

Jakar da ta fashe ba ta mutu ba tukuna. Tana rikiɗa ta zama wani ƙulli mai launin rawaya, ta shiga fitar da furojestaron. Wannan sinadari shi ne mai gyaran ɗaki: yana tausasa shimfiɗar mahaifa, ya cika ta da abinci, ya daskarar da ruwan bakin mahaifa ya toshe ƙofa, ya ɗan ɗaga zafin jiki. Shi ne kuma ke kawo cikar nono, kumburin ciki, ƙurajen fuska da saurin fushin da wasu ke yi kafin baƙon wata ya iso. Ƙullin rawayan nan wa'adi gare shi, kwana 12 zuwa 14 ko kusa da haka. Idan ciki ya shiga, ɗan tayin yana aiko da sinadarin hCG ya ce masa ya ci gaba da aiki. hCG ɗin ne tsinken gwajin ciki ke gani a fitsari. Idan babu saƙo, ƙullin ya shanye, furojestaron ya faɗi, jijiyoyin shimfiɗar su matse, shimfiɗar ta ɓalle ta zubo. An koma rana ta farko.

Ga inda ƙanwata ta yi tuntuɓe. Rabin farko na zagaye, daga jini zuwa fitar ƙwai, shi ne mai miƙewa da tsukewa: wata mace kwana 10 ne, wata 21, kuma ko a jikin mace ɗaya zazzaɓi ko tashin hankali na iya jinkirta shi. Rabi na biyu, daga fitar ƙwai zuwa jini na gaba, shi ne mai tsayawa kusan wuri ɗaya. Don haka ta baya ake lissafa ranar ƙwai: kwana 14 kafin al'ada mai zuwa. Likitoci biyu ne suka tabbatar da haka kusan shekara ɗari da suka wuce, Kyusaku Ogino a Japan da Hermann Knaus a Ostiriya, kowa a nasa gefen. Rana ta 14 da kowa ke faɗa daidai ce kawai ga mai zagayen kwana 28.

Sai maganar da iyayenmu kan yi cewa jinin al'ada dauɗa ce da jiki ke tarawa, in bai fita ba zai taru ya zama ciwo. Abin da ke fita shimfiɗa ce da jini, irin jinin da ke sauran jiki. Hukuncinsa a ibada daban, wannan na malamai ne, amma ba guba ba ne.

Mataki na uku: buɗe littafi

Ki sami ɗan littafi da babu mai taɓa miki. Kowane shafi zagaye ɗaya. Ki ja layi ki yi gida huɗu: lambar rana, kwanan wata, jini ko ruwa, sai abin da kika ji.

Ranar da kika ga jini ja yana zuba, ita ce 1. Ɗan ɗigon ruwan ƙasa-ƙasa da kan rigaye shi da yini ɗaya ki rubuta shi, amma kada ki fara ƙirga da shi. (Wannan ƙirgar lafiya ce, batun ko ɗigon ya hana salla, ki tambayi malamarki.) Ki ci gaba da ƙirga har ranar da ta gabaci jini na gaba. Misali, kin fara ran 3 ga Janairu, kin sake gani ran 1 ga Fabrairu: zagayenki kwana 29 ne. Ko da watan Musulunci kike aiki ba komai, muddin kwanaki kike ƙirgawa. Masu cewa "ni duk biyar ga wata nake yi" su ne suka fi rikicewa, domin mai zagayen kwana 26 za ta ga abin yana matsowa gaba da kwana huɗu ko biyar duk wata, wani watan ma ta gani sau biyu, ta ɗauka ciwo ne. Lafiyarta ƙalau.

A gidan jini ki rubuta yawan audugar da kika canza ko ƙunzugun da kika wanke, da ko akwai gudaji. A gidan ƙarshe ki rubuta ciwon mara, ciwon kai, zazzaɓi, tafiya, maganin da kika sha, rasuwa ko wani tashin hankali. Da daddare ake cikawa, kafin a kwanta. Kada ki bari sai ƙarshen mako, za ki manta.

Ga babbar mace, zagaye tsakanin kwana 21 da 35 daidai ne, jini kuma kwana 2 zuwa 7. Bambancin 'yan kwanaki tsakanin wata da wata ba abin damuwa ba ne. Yarinyar da ta fara kwanan nan takan yi shekara biyu ko uku abin na mata tsalle-tsalle, har kwana 45, domin ƙwaƙwalwa da ma'ajiyar ƙwai ba su gama sabawa da juna ba.

Mataki na huɗu: karanta ruwan bakin mahaifa

Wannan ita ce alamar da ta fi kowacce amfani, ita ce kuma aka fi yi wa mummunar fahimta a wajenmu. Duk wani danshi da mace ta gani, sunansa sanyi. Daga nan sai kafso, sai matsi, sai wanke ciki da ruwan zafi da sabulu ko wani jiƙo.

Ga yadda ake dubawa. Duk lokacin da kika shiga bayi, kafin ki yi fitsari, ki shafa farin tishu ko yatsa mai tsabta a bakin farji, daga gaba zuwa baya. Ki lura da abu biyu: yadda kika ji, da abin da kika gani. Bayan ɗaukewar jini, mafi yawan mata kan yi 'yan kwanaki a bushe. Sai a fara ganin wani abu kaɗan, fari ko ruwan madara, mai danƙo, in kin ja shi tsakanin yatsu ya katse. Yayin da estirojin ke hawa, sai ya ƙaru, ya yi ruwa-ruwa, har ya koma garai-garai mai santsi, yana miƙewa tsakanin babban yatsa da manuni kamar farin ɗanyen ƙwai ko yauƙin kuɓewa. A kwanakin nan ko tafiya kike za ki ji santsin. Ranar ƙarshe da kika ga irin wannan, ƙwai na fita a cikinta ko kwana ɗaya zuwa biyu kusa da ita. Washegari sai ki ga ya ɗauke ko ya koma danƙo. Furojestaron ya karɓi aiki. Wasu likitoci mata da miji a Melbon ta Ostareliya, John da Evelyn Billings, su suka mayar da wannan lura tsari da ake koyarwa a ƙasashe da yawa.

Ruwan nan ba ya wari, ba ya ƙaiƙayi, ba ya zafi. Shi ke ciyar da maniyyi ya ba shi hanya. Wanda ke nuna cuta daban yake: mai ƙarni kamar kifi, ko kore ko rawaya mai kumfa, ko fari guda-guda kamar cuku tare da ƙaiƙayi, ko wanda ya zo da zafin fitsari da ciwon mara. Shi ma a asibiti ya kamata a duba shi a san irinsa, domin maganin wani ba ya yi wa wani, wani kuma sai an haɗa da maigida. Farji yana da nasa ƙwayoyin halitta masu amfani da ke riƙe masa ɗan tsami, su ke korar masu cutarwa. Yawan shan maganin kashe ƙwayoyin cuta ba dalili, da cusa abubuwa, su ke kashe waɗannan masu gadin, sai sanyin da ake gudu ya samu ƙofa. Wanke waje da ruwa ya wadatar.

Saduwa ta daren jiya da kayan matsi suna ɓata karatun ruwan. Ki rubuta su a littafi don ki san ranar da ba za ki dogara da ita ba.

Akwai ƙarin alamu biyu ga mai so. Na farko zafin jiki: ki ajiye ma'aunin zafi mai lamba a gefen katifa, ki auna a baki da zarar kin farka, kafin ki sauko, bayan barcin aƙalla awa uku. Tashin asuba ya dace da wannan sosai tunda lokaci ɗaya ne kullum. Bayan fitar ƙwai zafin kan hau da ɗigo 2 zuwa 5 na digiri ɗaya, ya tsaya a nan har al'ada ta zo. Amfaninsa tabbatarwa ne cewa ƙwai ya riga ya fita, ba ya yi miki bushara tun da wuri. Kuma gaskiya, mai jariri da ke tashi sau uku a dare, ko mai fama da maleriya lokacin damina, ba za ta samu lissafi mai kyau ba. Ni ban cika matsa wa kowa a kansa ba. Na biyu tsinken gwajin fitar ƙwai da ake sayarwa a manyan kemis. Yana gano tashin LH a fitsari. Layin gwaji ya yi duhu kamar ɗaya layin ko ya fi shi, to ƙwai na tafe cikin yini ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Ki fara gwadawa kwana 17 kafin ranar da kike sa ran al'ada. Wasu matan kuma suna jin ɗan suka a gefe ɗaya na mara a ranar.

Mataki na biyar: yi lissafin

Bayan wata shida ki jera tsawon zagayenki. A ce kin samu 29, 30, 27, 31, 28, 30. Ki cire 18 daga mafi gajarta: 27 a cire 18, saura 9. Ki cire 11 daga mafi tsawo: 31 a cire 11, saura 20. Daga rana ta 9 zuwa ta 20 ke nan ciki na iya shiga. Ruwan bakin mahaifa zai nuna miki tsakiyar wannan fili.

Mai neman haihuwa ba ta bukatar farautar rana ɗaya tak. Saduwa duk bayan kwana ɗaya ko biyu daga ranar da danshi ya fara har ya ɗauke ta isa. Kwana biyun da suka gabaci fitar ƙwai sun fi washegarinsa albarka nesa ba kusa ba.

Mai son ba da tazara da wannan hanya kuwa, sai an yi magana ta gaskiya. Akwai tsari mai sauƙi da Jami'ar Georgetown ta Amurka ta fitar, mai amfani da wani zobe na duwatsu masu launi kamar carbi: ana kauce wa rana ta 8 zuwa ta 19, kuma na matan da zagayensu ke tsakanin kwana 26 da 32 ne kawai. A yadda mutane ke amfani da shi yau da kullum, kusan mata 12 cikin 100 kan samu ciki a shekara. Kwana goma sha biyu a jere ba wasa ba ne, sai da yardar maigida, kuma a gidan da ake rabon kwana, girki ba ya tambayar kalanda. Wadda likita ya ce wani cikin yanzu haɗari ne gare ta, kada ta jingina da lissafi. Ta je sashen tazarar haihuwa.

Kuma a daina cewa da an yi wankan tsarki babu abin da zai faru. Mai zagayen kwana 24 ƙwanta na fita wajen rana ta 10. In ta yi jinin kwana bakwai, ta yi wanka, aka sadu a rana ta 8, maniyyin yana nan yana jira.

Abubuwan da ke karkatar da lissafin

Shayarwa ce ta farko. Tsotson jariri yana ɗaga sinadarin furolaktin mai kawo nono, ya kuma rage ɗigon GnRH, sai ƙwai ya daina nuna. Amma kariyar tana da sharuɗɗa uku, kuma sai sun cika duka: jariri bai kai wata shida ba, nono zalla yake sha dare da rana ba ruwa ba kunu, al'ada kuma ba ta dawo ba. Ɗaya ya faɗi, kariya ta faɗi. Tunda ƙwai na iya fita kafin jinin farko, mace na iya ɗaukar ciki ba ta ga al'ada ko sau ɗaya ba tun bayan jinin biƙi. Yawancin kwanikar da ake yi wa mata gori a kai, ta nan take shigowa.

Allurar wata uku da robar da ake sawa a hannu suna ɗauke da sinadari mai kama da furojestaron. Suna hana ƙwai fita, su sa shimfiɗar mahaifa ta zama siririya. Shi ya sa wata ke ganin ɗigo-ɗigo ba tsari, wata kuma al'adar ta ɗauke gaba ɗaya. Jinin bai taru a ko'ina ba. Shimfiɗar ce ba a gina ba, babu abin zubarwa. Bayan daina allurar, haihuwa kan ɗauki watanni kafin ta dawo, wani lokaci har kusan shekara. Wadda ke kan waɗannan ba za ta iya karanta ruwa ko zafi ba.

Rama mai tsanani, ƙiba mai yawa, doguwar jinya, baƙin ciki da fargabar jarrabawa duk suna taɓa haifotalamas, su jinkirta ƙwai. Daga shekara arba'in da 'yan kai zagaye kan fara gajarta, sannan ya riƙa tsallake watanni, har ya tsaya, galibi tsakanin 45 da 55. Sai an yi wata 12 cur babu jini ake cewa ta ɗauke. Kafin nan ciki na iya shiga.

Ciwon mara da yawan jini

Lokacin da shimfiɗa ke ɓallewa tana sakin furostagilandin, wanda ke sa tsokar mahaifa ta murɗa. Shi ne ciwon mara, shi ne kuma gudawa da tashin zuciyar da wasu ke yi a ranar farko. Ibuprofen yana rage samar da wannan sinadari, don haka ya fi aiki in an sha da ciwon ya fara ko jini ya fara, bayan an ci abinci. Mai olsa, mai ciwon ƙoda, mai asma da irin maganin ke tayar mata, da wadda ke zaton tana da ciki, su tsaya a farasitamol su nemi shawarar likita. Ruwan ɗumi a gora, a naɗe da zane a ɗora a mara, yana taimakawa ƙwarai. Zancen cewa shan zaƙi ne ke kawo ciwon, ko kuma aure ne maganinsa, ya sa 'yan mata da yawa sun yi shekaru suna murƙususu ba a kai su asibiti ba. Ciwon da ke hana zuwa makaranta duk wata, ko yake ƙaruwa shekara bayan shekara, ko yake zuwa lokacin saduwa, a bincika shi.

Jinin zagaye ɗaya gaba ɗaya bai cika wuce cokalin cin abinci biyu zuwa uku ba, wato mililita 30 zuwa 40. Ya haura 80 ya yi yawa. Ba mai aunawa da cokali, saboda haka ki duba wannan: auduga na jiƙewa sharkaf duk awa ɗaya ko biyu, gudaji masu girman goro, tashi cikin dare don canzawa, jiri da haki in kin hau bene. Ƙarin mahaifa, wanda ya fi yawa a matan baƙar fata, yana cikin manyan dalilai. Ki yawaita hanta, nama, wake, zogale da alayyahu, ki haɗa da lemo, ki kuma raba shayi da lokacin cin abinci don yana hana jiki tsotsar sinadarin ƙarfe. Amma abinci ba ya tsayar da zubar.

A islamiyya an koya mana cewa haila na iya kaiwa kwana 15, abin da ya wuce haka istihala ne. Wannan amsar tambayar salla da azumi ce. Matar da ke jinin kwana 12 duk wata tana cikin iyakar fiƙihu, amma jininta na ƙarewa. Malam ya ba ta hukunci, likita kuma ya duba ta.

Ranar zuwa asibiti

Akwai abin da ba ya jiran gobe: al'ada ta yi jinkiri, sai ga ciwo mai tsanani a gefe ɗaya na mara, da ɗigon jini, da jiri ko suma. Yana iya zama ciki a cikin bututu, kuma in ya fashe rai ake magana. A tafi a daren. Haka duk wani jini ga mai ciki.

Waɗanda za ki nemi ganin likitan mata a kansu cikin 'yan kwanaki: wata uku babu al'ada kuma gwaji ya nuna ba ciki, zagaye ƙasa da kwana 21 ko sama da 35 a kai a kai, jini tsakanin al'ada da al'ada ko bayan saduwa, jini ko ɗigo ne bayan al'ada ta ɗauke gaba ɗaya, yarinya ta kai 15 ba ta fara ba, nono na fitar da ruwa ba shayarwa, ko al'ada mai nisa tare da gashin haɓa da ƙuraje, wanda kan nuna matsalar PCOS, wato rikicewar sinadaran da ke tafiyar da fitar ƙwai. Mai neman haihuwa ta je bayan shekara ɗaya ana tare, in ta haura 35 bayan wata shida.

Ki tafi da littafinki. Tambayar farko da za a yi miki ita ce ranar farkon al'adarki ta ƙarshe, kuma mai amsawa da kwanan wata ta rage wa kanta rabin wahala. In an rubuta miki gwajin furojestaron na "rana ta 21", ki nuna tsawon zagayenki, domin abin da ake nufi shi ne kwana bakwai kafin al'ada mai zuwa. Ga mai kwana 35 kamar ƙanwata, rana ta 28 ke nan, in ba haka ba sakamakon zai ce ba ta fitar da ƙwai alhali lokacin ne bai yi ba. Gwajin FSH da LH kuma a rana ta 2 zuwa ta 5 aka saba ɗauka.

Kuma ku tafi ku biyu. A kusan rabin ma'auratan da haihuwa ta yi wa jinkiri, akwai hannun ɓangaren namiji, shi kaɗai ko tare da na matar, gwajinsa kuwa ya fi duk na mace sauƙi da araha. Da ƙanwata ta kai littafinta na wata biyar, likitar ta duba shafukan, ta rubuta mata hoton mara da gwajin jini, sannan ta miƙo wata takarda daban ta ce, "Wannan ta maigida ce." Sai da aka sa babban wansa ya yi masa magana kafin ya je.